Shin Gwamnati Na Da Kaso a Gado? Fashin Baƙi Kan Haraji Bayan Rasuwar Miji ko Mata

Idan miji ya rasu ya bar gidan haya, ko shago a kasuwa, ko kuɗin fansho, shin matarsa za ta biya haraji a kan abin da ya zo hannunta? In za ta biya, a kan wanne, nawa, kuma wa za ta ba? Tun da sababbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 wannan tambaya ke yawo a Kaduna, daga zaman makoki zuwa zaurukan WhatsApp na dangi. Amsoshin da ake ji iri biyu ne, kuma kowacce da gyara. Wasu sun ce gwamnati ta sa wa gado haraji, sai ta ɗebi nata kafin magada su taɓa. Wasu kuma sun ce duk abin da ya fito daga dukiyar mamaci ya fita daga hurumin haraji har abada.

A Najeriya ba a biyan haraji a kan gado. Abin da gadon ya haifar bayan ya zama naka, shi ake lissafawa kamar kowane kuɗin shiga. Saniyar da aka gada babu ruwan hukuma da ita, nonon da ake kaiwa kasuwa shi ake tambaya. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ranar rasuwa da ranar rabo, kuma a wannan tsakanin ne mata da marayu suka fi cutuwa.

Daga ina maganar harajin gado ta taso?

Tsoron bai zo haka kawai ba. An taɓa yin irin wannan haraji a ƙasar nan. A 1979 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta sa haraji a kan dukiyar da ta koma hannun wani ta hanyar gado ko kyauta, kuma sai a 1996 aka soke ta. Tun daga lokacin ba a mayar da ita ba.

Maganar ta sake tashi ne bayan Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu a watan Oktoban 2024. A ƙarshen watan, gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a nan Kaduna suka yi watsi da tsarin rabon harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayayyaki da hidimomin da aka saya, da ke cikin ƙudurorin. Daga nan mutane suka shiga karanta sauran sassan da idon zargi, sai aka ci karo da wani sashe da ke maganar kuɗin shigar iyali, wato kuɗin da dangi ke samu a dunƙule ba tare da an san rabon kowa ba. Malamai da dama suka ce wannan ai dukiyar gado ce aka zagayo aka sa wa haraji, alhali Allah da kansa ya raba gado a Suratun Nisa'i bai yanka wa hukuma kaso ba. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran haraji, ya sha musanta cewa akwai harajin gado a ƙudurorin, ya kuma nuna cewa sashen ba sabo ba ne, yana cikin tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga. Duk da haka majalisa ta yi wa sashen gyara, ta ware kuɗin da dukiyar gado ta samar kafin a raba daga abin da ake kira kuɗin shigar iyali. Aka sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

Akwai kuma ruɗanin da intanet ke kawowa. Bidiyo da rubuce-rubucen da ake gani kan wannan batu yawancinsu na Amurka ne ko na Ingila. A Amurka mata da miji kan cike takardar haraji guda, kuma wanda ya rage a raye yana iya cike ta haɗin gwiwa a shekarar da aka yi rasuwar. A Ingila akwai harajin gado na kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura wani adadi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafe mu. A nan kowa da lissafinsa: miji daban, mata daban, ko da tukunyarsu ɗaya.

Ranar rasuwa ita ce kan iyaka

Duk kuɗin da ake magana a kai, a fara tambayar yaushe aka same shi.

Abin da marigayi ya samu kafin ya cika, nasa ne, harajinsa ma nasa ne. In ma'aikaci ne, an riga an cire daga albashi wata-wata, haka kuma za a cire daga bashin albashin da ofis ya biya daga baya. In ɗan kasuwa ne da ake binsa harajin shekarun baya, doka na ɗaukar wannan a matsayin bashi a kan dukiyar da ya bari, wanda ke kula da dukiyar shi zai biya daga cikinta. Ba a bin matar da shi daga albashinta ko sadakinta ko ɗan kunnenta. Wannan bai yi nisa da tsarin da muka sani a fiƙihu ba: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Malamai na da saɓani kan matsayin harajin gwamnati a shari'a, amma jami'in haraji ba zai jira a warware saɓanin ba, gara a san da zaman bashin kafin a raba dukiya kowa ya kama gabansa.

Abin da aka samu bayan an raba, na magaji ne, harajinsa na kansa. Tsakiyar kuma, daga rasuwa zuwa rabo, za mu zo kanta.

Wani abu da yakan faru: albashin marigayi ya ci gaba da shiga asusu wata biyu ko uku saboda ofis bai samu labari ba, iyali kuma suna cira da katinsa na ATM. Wannan kuɗi ba gado ba ne, ba kuma na iyali ba ne. Ranar da aka je neman haƙƙoƙinsa za a tarar da shi a rubuce, a zabtare.

Abin da haraji ba ya taɓawa

Kason da mace ta samu, ko tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu, ba kuɗin shiga ba ne. Gida ne, fili ne, tsabar kuɗi ne, mota ce, duk ɗaya. Haka namiji da ya gaji matarsa, rubu'i ko rabi.

Kuɗin da ke cikin asusun fansho na marigayi, da garatuti, da haƙƙin mutuwa da ofis ke biya, an keɓe su daga haraji. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma abin da aka biya iyali daga wannan inshora shi ma ba a yankar haraji a ciki. Iyalai da yawa ba su ma san da wannan kuɗi ba, sai su karɓi na asusun fansho su yi godiya su tafi. Ya kamata a tambaya.

Gudunmawar da 'yan'uwa da abokan arziki ke turowa lokacin zaman makoki, ko wadda ƙanin miji ke aikowa duk wata don kuɗin makarantar yara, kyauta ce. Ba kowane kuɗi da ya faɗo asusu ne kuɗin shiga ba, kuma jita-jitar da ake yaɗawa cewa za a riƙa yankar haraji daga duk abin da ya shiga banki ba haka doka ta ce ba. Sai dai yana da kyau mai turowa ya rubuta dalilin turawar, don wata rana.

Inda harajin yake

Haya ce ta farko. Daga ranar da gida ya zama na mace, kuɗin hayar da take karɓa kuɗin shigarta ne, bayan an cire abin da aka kashe wajen gyara da kula da gidan. In 'yan hayar mutane ne irinmu, ba sa cire komai, ita za ta bayyana abin da ta samu. In kuwa kamfani ne ko wata hukuma ke haya, sukan cire kashi 10 cikin ɗari su aika wa hukumar haraji da sunan mai gidan. A nan akwai asarar da ba a lura da ita. Kamfanin zai ci gaba da aikawa da sunan marigayi da lambarsa ta haraji, domin ita ce a takardunsu, shekara da shekaru. Ita kuma matar, ranar da aka zo yi mata lissafi, ba ta da shaidar cewa an riga an biya wani abu a madadinta. Wasiƙa ɗaya zuwa ga kamfanin, haɗe da takardar rabon gado, ta isa ta fara gyara wannan.

Na biyu kasuwanci. In shagon marigayi a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci da sunansa kawai yake gudana, ribarsa ribar mutum ɗaya ce, wanda shagon ya koma hannunsa shi zai ɗauki harajin daga nan. Riba ake lissafawa ba ciniki ba, shi ya sa littafin saye da sayarwa yake da muhimmanci ko da na hannu ne. In kuwa kamfani ne mai rajista mai cin gashin kansa, to kamfanin bai mutu ba. Yana nan da nauyinsa na cike takardun shekara, kuma tara na taruwa a kansa ko an rufe ƙofa, har sai an je an daidaita sunayen masu shi.

Na uku, hannun jari da ajiyar banki. Ribar hannun jari ana cire mata kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe, kuma wannan ya wadatar. Kuɗin ruwan ajiya ma ana cire kashi 10. Wato kuɗin inshorar da aka ba mace babu haraji a kansa, amma in ta zuba shi a wani wuri yana kawo riba, ribar kuɗin shiga ce, ko da a bankin da ba ya mu'amala da ruwa ne.

Sayar da kadara kuma babi ne na daban. A da, ribar da aka samu wajen sayar da fili ko gida kashi 10 cikin ɗari ake biya a kai. Yanzu an haɗe ta da sauran kuɗin shigar mutum, ana bin matakan da ke ƙasa, tare da rangwame na musamman ga gidan da mutum yake zaune a ciki. Duk wanda ya gaji kadara yana da niyyar sayarwa wata rana, ya adana takardar ƙiyasin da aka yi lokacin rabo.

A zo ga lissafi

Sabuwar doka ta ce naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari ne. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25.

A ƙaddara wani bawan Allah a Tudun Wada ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, da gidajen haya da ke kawo naira miliyan 4.8 a shekara bayan an cire kuɗin gyara. In an raba, matan biyu za su raba tumuni, wato naira 600,000, kowacce 300,000. Saura miliyan 4.2 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 1.2, mace 600,000. In babu wanda ke da wata hanyar samu a cikinsu, matan biyu ba za su biya ko sisi ba, 'yar ma haka. Kowane namiji zai biya kashi 15 na naira 400,000 da ta haura, wato 60,000. Gidan gaba ɗaya naira 180,000.

To, a ce ba a raba ba, babban wa ne ke karɓar hayar duka a asusunsa, babu takardar kotu, babu rubutu, shekara ta bi shekara. In hukuma ta ɗauki miliyan 4.8 a matsayin samunsa shi kaɗai, lissafin zai zama naira 330,000 a mataki na biyu da 324,000 a na uku, jimla 654,000. In yana da albashi, abin ya fi haka. Dukiya ɗaya, gidaje ɗaya, amma bambancin ya kusa rabin miliyan, kuma daga bakin marayu zai fita.

Ga wani gefen kuma. In ɗaya daga cikin matan malamar makaranta ce da abin da ake lissafa mata haraji a kai ya riga ya kai naira miliyan 1.5 a shekara, to 300,000 ɗin nan za ta hau kan albashin, ta biya kashi 15, wato 45,000. Kishiyarta da ba ta da wani samu ba za ta biya komai ba. Ba son kai aka yi ba, kowa da jimlar abin da ya samu ake auna shi. In kuma rasuwar ta sa ta koma gidan haya, doka ta ba ta damar a rage mata kashi 20 cikin ɗari na hayar da take biya daga abin da za a lissafa, muddin ragin bai wuce naira 500,000 ba, kuma sai ta nuna shaidar biya.

Kason yara ƙanana nasu ne, ba na uwarsu ba, ko da ita ke riƙe da shi. Ware musu asusu ya fi, ta fuskar haraji da ta fuskar amanar dukiyar maraya.

Tsakanin rasuwa da rabo

Nan ne masana kansu ke jayayya. Gyaran da majalisa ta yi ya nuna ba za a kira kuɗin da gado ya samar kafin rabo da sunan kuɗin shigar iyali a sa masa haraji ba. Amma dokokin harajinmu sun daɗe suna ambaton kuɗin da ke zuwa hannun wasiyyi ko amintaccen da ke kula da dukiyar mamaci a cikin abin da ake iya lissafawa. Masu kallon abin ta fuskar addini suna cewa dukiyar da ba a raba ba amana ce, ba ta da mai ita guda da za a kama. Masu kallonsa ta fuskar kuɗin shigar gwamnati suna cewa in aka bar ƙofar a buɗe, attajirai za su ƙi raba gado da gangan shekara talatin suna cin haya babu haraji, alhali ma'aikacin da ke karɓar albashi ana yanka masa tun kafin ya gani.

Kowane ɓangare na da hujja. Amma a ganina, ga talakan Kaduna wannan muhawara ba ita ce abin damuwa ba. Jinkirin rabo ba ya amfanar matar mamaci ko da babu haraji a cikinsa. Mun san yadda abin yake: a ce a bari a yi arba'in, a bari ƙaramin ya gama makaranta, a bari wanda ke Legas ya zo. Kafin a ankara wani magajin ya rasu, gado ya hau kan gado, ita kuma tana karɓar ɗan abin da aka ga dama a ba ta da sunan taimako, daga dukiyar da take da haƙƙi a ciki. Wanda ya ce mata a bar dukiya a dunƙule don a kauce wa haraji, ta nemi ya yi mata lissafi a takarda. Sau da yawa, kamar yadda misalin sama ya nuna, kasonta bai ma kai inda haraji ke farawa ba.

Kuɗaɗen da ake biya waɗanda ba harajin gado ba ne

Abin da ke sa mutane rantsuwa cewa sun biya harajin gado shi ne kuɗin kotu. Banki da kamfanin fansho ba sa sakin kuɗin mamaci don kawai an rubuta sunanka a fom a matsayin makusanci. Sukan nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake samu a sashen rajistar gado na Babbar Kotu, kuma ana biyan kuɗi gwargwadon darajar dukiyar. Musulmi kan kai rabon kansa Kotun Shari'a, waɗanda ba Musulmi ba kuma su bi wasiyya, ko dokar aure, ko kotun gargajiya, gwargwadon irin auren da aka yi. Sauya suna a takardar fili a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, shi ma da kuɗinsa, ga kuɗin ƙasa na shekara-shekara da zai ci gaba da taruwa da sunan marigayi in ba a biya ba. Waɗannan duk nauyi ne na gaske, kuma sukan zo a lokacin da gida ba shi da ƙarfi, amma kuɗin hidima ne da na mallakar ƙasa. Daga dukiyar ya kamata a fitar da su kafin rabo, ba a bar wa mace ita kaɗai ba.

Wa ake biya, kuma yaushe?

Harajin mutum na jihar da yake zaune ne. Mazaunin Kaduna hukumar harajin jihar, wato KADIRS, zai biya, ba hukumar harajin tarayya ta NRS da ta maye gurbin FIRS ba, ko da gidan hayar a Kano yake ko Abuja. In mace ta koma gidan iyayenta a Katsina da zama bayan takaba, lissafinta zai bi ta can. Lambar NIN ita ce ke zama lambar harajin mutum a sabon tsari. Jihar Kaduna ta daɗe da hana karɓar haraji hannu da hannu, saboda haka duk wanda ya zo ƙofar gida da jaka yana neman a ba shi tsaba da sunan harajin marigayi, a nemi takardar ƙiyasi, a biya ta banki, a karɓi rasit.

Ana bayyana kuɗin shigar shekarar da ta wuce kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris. Tarar rashin yin haka a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya, abin da zai iya fin harajin kansa nesa ba kusa ba. Matar da mijinta ya rasu a Disamba, wata huɗu da kwana goma za su kai ta Afrilu, wato wa'adin zai faɗo tana cikin takaba. Dokar haraji ba ta ɗaga wa mai takaba ƙafa ba. A mazhabar Malikiyya tana iya fita da rana don buƙata ta dawo ta kwana a ɗakinta, in kuma ba ta so, ta wakilta ɗa ko ɗan'uwa da takarda mai sa hannunta. Wakilin ya tafi da takardar shaidar rasuwa, ya sanar da ofishin haraji a rubuce don a daina yi wa marigayi ƙiyasi, ya kuma karɓo kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa.